Gyaren Auta da Kabad ɗin Baba

Ƙanena ne ya kawo abin gidanmu na unguwar New Bell a Douala, wata ranar Lahadi, kafin ruwa ya kankama. Daga jakar kwamfuta ya zaro shi, ya ajiye a kan tabarmar Inna kamar wanda ya zo da tsarabar Makka. Ɗan akwatin roba ne, bai fi tafin hannuna ba, da wani siririn bututun gilashi a gefe, da 'yar fuska inda lamba ke fitowa. Da ya jona shi da wuta sai ya fara: ƙet… ƙet… ƙet-ƙet… ƙet.

Inna ta karkata kunne. Idonta ya riga ya yi yana a lokacin, amma kunnenta ko allura ce ta faɗi a tsakar gida sai ta ji.

"Auta, gyare ka kawo mini ɗaki?"

Ya yi dariya ya ce sunanta Gaiga. Ya ce akwai wani irin haske da ido ba ya gani, yana fitowa daga ƙasa da duwatsu da sama, kaɗan-kaɗan ko'ina akwai shi, ba ya komai, amma in ya yi yawa yana ɓata jinin mutum. Duk ƙet ɗaya da muka ji, ƙwaya ɗaya ce ta ratsa bututun. Ya ce akwai mutane a ƙasashe daban-daban, babu mai biyansu, kowa ya ajiye irin wannan a gidansa, tana aika lamba ta intanet, ana haɗawa a kan taswira. In wani abu ya ɓaci a wani wuri, su za su fara gani. Ya nuna mini a wayarsa. Turai duk ɗigo-ɗigon kore kamar an watsa wake. Wajenmu fayau, babu ko ɗaya.

Na ce, "To in babu mai biya, wahalar ta mece ce?"

Ya ce, "Yaya, kai komai sai an ɗora a sikeli?"

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Aji uku na yi na bi Baba kasuwa. Shi Auta ya yi karatu har ya gaji, yana aikin ofis a unguwar Bali, yana zaune a Cité des Palmiers, hawa na biyu. Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Ni na goya shi. Amma tun da ya fara ɗaura wannan igiyar a wuya, in yana yi mini bayani sai ya rage murya yana jan magana, kamar mai koya wa yaro alwala. Ba da gangan yake yi ba, na sani. Duk da haka yana ƙona ni.

Dalilin kawo ta gidanmu shi ne 'yan ƙungiyar sun fi son ta kusa da ƙasa, shi kuma a bene yake. Ɗakin Inna ne kaɗai ke da soket mai lafiya kusa da taga. Ya ɗora ta a dakalin tagar, ya zana da'ira da alli kewaye da ita, ya juyo gare ni.

"Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. Kada a taɓa ta. Kada a matsar da ita ko da taki ɗaya. In ta canza wuri, lambar ta zama ƙarya."

Sannan ya nuna gilasan tagar, irin masu jeri ɗin nan da ake buɗewa da ɗan ƙarfe. Biyu sun fashe tun bara, na toshe da kwali. Ya ce zai turo mai gyara. Na ce gidan ubana ne, ina cikinsa, ba sai an turo mini kowa daga Cité ba. Na ce zan gyara a satin. Ban gyara ba.

Wata guda abin yana tafiya daidai. Lambar tana yawo tsakanin sha takwas da ashirin da biyar. Inna ta saba da gyarenta. Matan layinmu da ke shigowa gaishe ta kowace safiya har gaishe da shi suke yi. Dama ɗakin Inna ba ya rabuwa da mutane. Shekara hamsin da wani abu tana cikinsa. Goron suna can ake fara kaiwa, faɗan miji da mata can ake kashewa, mai ƙosan ƙofar gida can take ajiye canjinta da gulmarta. Inna ba ta iya tafiya mai nisa, amma unguwar ce ke zuwa wajenta.

Sai ruwa ya zo, irin namu na Douala, wanda yake kwana uku bai ɗauke ba. Rana ta farko na dawo daga kasuwa da azahar na tarar kwalin ya jiƙe ya faɗo, feshi yana dukan na'urar. Na tsaya ina kallo. In ta lalace laifina ne, ni na ce zan gyara taga. Kusa da tagar, bayan gadon Inna, akwai kabad ɗin Baba. Tun da ya rasu ba a kwashe kayansa ba: huluna, tsohuwar rediyo, wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma, gwangwanaye. Igiyar ta isa. Na buɗe, na ɗora na'urar a kan wani gwangwanin madara, na tura ƙyauren na bar wa igiya hanya.

Na ji kukanta ya canza. Ba ƙet… ƙet ba kuma, sai tatatata, kamar kitse ya ɗiga a garwashi. Na ce a raina sanyi ne ya shige ta. Da ruwa ya ɗauke na fito da ita na mai da ita cikin da'irar allinta, ta koma ƙet… ƙet. Shi ke nan ya zama mini aiki: hadari ya haɗu, in sa ta kabad, gari ya washe, in fito da ita. In zan fita kasuwa na ga sama ba ta yi mini ba, a kabad nake barinta. Auta kuma ba ya zuwa sai ya kira waya ya tambayi abin da Inna ke so, don haka kullum a cikin allinta yake samunta.

Lahadin da ta biyo ya shigo ko zama bai yi ba. Ya ce lambar ta haura ɗari biyu ranar Talata, ta kwana biyu a can, sannan ta faɗo. Ya ce ɗigonsa a taswira ya koma ja, mutane daga ƙasashe uku sun rubuto suna tambaya. Wani tsoho daga cikinsu, wanda ya daɗe a harkar, ya ce ruwan sama yakan ɗaga lamba kaɗan, amma ba haka ba, ya duba na'urarsa.

Daga nan aka shiga gyara. Duk Lahadi da abin da zai zo da shi. Aka ce damshi ne, ya kawo wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu shan raɓa, irin na cikin kwalin sabon takalmi, ya cusa mata. Aka ce haske ne ke shiga bututun, ya naɗe shi da baƙin salatif. Aka ce cajar ce ke kawo hayaniya, ya canza caja. Aka ce wutarmu ce ke rawa, ya jona ta da batirin ajiya. Ya zo da mita mai wayoyi biyu, ja da baƙi, ya buɗe cikinta yana aunawa yana magana shi kaɗai da faransanci. Har sabon bututu ya sa aka aiko masa, ya yi sati uku a hanya. Duk a banza. Ruwa ya sauko, lamba ta tashi.

Ina zaune a bakin ƙofa ina kallonsa yana gumi. Wallahi a lokacin ban haɗa abin da kabad ba. Ni a ganina taimakonsa nake yi a ɓoye. Har wani daɗi nake ji, na ce ga boko ya haɗu da daidai shi.

Ran da ya sa sabon bututun bai yi magani ba, ya zauna a ƙasa gaban gadon Inna, ya cire tabarau ya goge ido.

"Yaya, don Allah kada ka ji haushi. Ana taɓa ta?"

Da a waje ya tambaye ni, mu biyu, wataƙila da na faɗa. Amma a gaban Inna ya yi, mai ƙosai tana zaune, matata tana tsaye da tire. Kuma da wannan muryar tasa ta koyar da alwala.

Na ce, "Ni kake tuhuma? Me zan yi da abin wasanka?"

"Ba tuhuma ba ce, tambaya ce. Ko wajen shara, ko…"

"Wallahi tallahi babu wanda ya taɓa ta. Inda ka ajiye ta nan take."

Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ƙaryata ni a gaban ƙanena. Amma a bayan kanta kabad ɗin yake. Duk ƙarar ƙyauren nan ta ji ta.

Auta ya ce, "Shi ke nan, Yaya, ka yi haƙuri. Tunda ka rantse magana ta ƙare."

Kuma da gaske ta ƙare a wajensa. Bai sake tambaya ba. Ya rubuta wa 'yan ƙungiyarsu cewa ya tabbatar ba a motsa ta.

Saura gwaji ɗaya. Akwai wani malamin makaranta a unguwar Ndogbong da ya sayi irin na'urar bai kai ga haɗa ta da taswira ba. Auta ya aro ta, ya haɗa ta da wayarsa, ya ajiye ta gefen tasa a dakalin taga. Ya ce in ɗaya ta tashi ɗaya ta tsaya, to tasa ce ta lalace, sai ya jefar ya huta. In duk biyun suka tashi, to da wani abu a gidan nan, wataƙila ruwa ke taso da shi daga ƙasa, don ba wanda ya san irin tarkacen da aka cike fadamar unguwar nan da shi kafin a yi gini. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa:

"In haka ne, Inna ba za ta ci gaba da kwana a ɗakin nan ba. Zan ɗauke ta."

Inna ta ce, "Ka ɗauke ni ka kai ni ina? Ni kaya ce?"

Ranar Laraba hadari ya taso tun hantsi. Na tsaya a gaban tagar. Na ji abin da ya faɗa da kunnena, na san me ke kan gwajin nan. Amma abin da ya cika mini kai shi ne kayan aro ne, na mutumin da ban sani ba, in ya jiƙe me za a ce. Kuma har zuciyata na yarda ta Auta ce ta lalace, ta malamin za ta wanke mu. Na kwashi duka biyun na sa a kabad, a kan gwangwanin nan, kafaɗa da kafaɗa. Suka kama tatatata tare kamar masu gasa.

Ba zan ce ban ji komai ba. Na tsaya riƙe da ƙyauren, wani abu yana ce mini fito da su ka gani. Na rufe na tafi kasuwa.

Ranar Asabar Auta ya zo da mota, don ya ga duk biyun sun tashi. Ya ce na ɗan lokaci ne, har a gane. Ya ce ni ma in kwashe iyalina, na ce babu inda za ni. Muka yi sama-sama a zaure, ya ce, "C'est pas possible, ba zai yiwu ba, Yaya, lambar ce ke magana, ba ni ba." Na ce lambar uwarka ce ko uwata? Ya ce, "Uwarmu nake jiye wa." Kalma biyar kawai ake nema daga bakina a wurin: ni nake matsar da ita. Mutanen layi sun taru a ƙofa. Babba ya rantse da Allah a gaban uwarsa, sannan ya dawo ya ce wa ƙaninsa ƙarya na yi? Na kasa.

Inna ba ta yi gardama da yawa ba. Ta shafa bangon ɗakin, ta ce wa mai ƙosai ta riƙa leƙa mata kajinta. Ni da Auta muka ɗaga ta muka sa a mota.

Ba a wulaƙanta ta a Cité ba, kada wani ya ce na ce. Ɗaki mai fanka, banɗaki a ciki, matar Auta tana yi mata duk abin da ake yi wa uwa. Amma da safe su biyun ofis suke tafiya, yara makaranta, a ja ƙofar ƙarfe. Maƙwabta ba sa jin Hausa. Matakala talatin da wani abu tsakaninta da ƙasa, tun da aka hau da ita ba ta sauko ba sai zuwa asibiti. Matan layinmu sun je sau biyu, sau uku, amma tsohuwa ba ta hawa bansikin, wato babur ɗin haya, kullum ta ratsa gari. Ƙafa ta ɗauke. In na je ranar Juma'a sai ta jera mini tambaya: wa ya haihu, wa ya rasu, an gyara kwatar bakin masallaci, wa ke limanci in liman ya yi tafiya. Ta rame. Abinci sai ta taɓa ta ture.

Ruwa ya ɗauke, na daina taɓa na'urar, ta zauna lafiya a kan ashirin. Na ce wa Auta to ga shi, a dawo da Inna. Ya ce ai wannan ne ya nuna ruwa ke taso da abin, sai an ga damina mai zuwa, yana neman wanda zai zo da babbar na'ura ya auna ƙasar.

Wata Juma'a muna mu biyu, Inna ta ce, "Kai, gyaren nan yana nan?"

Na ce yana nan.

"Har yanzu kana sa shi a kabad ɗin babanku in an yi ruwa?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce, "Ni dai na lura, in yana ciki ya fi surutu. Ko ba ya son duhu ne." Ta yi 'yar dariya. Sannan ta ce, "Ban gaya masa ba. Ba ni zan kunyata ka ba."

Da na koma gida ko riga ban cire ba. Na buɗe kabad, na riƙa ɗauko kayan Baba ɗaya-ɗaya ina kai wa kusa da bututun. Hula, shiru. Wuƙaƙe, shiru. Rediyo, shiru. Na kawo gwangwanin madara, sai tatatata. Na ja baya, ta lafa. Na matso, ta tashi. Na ɓalle murfin da bakin wuƙa. Mansho ne a ciki, cike, a cikin takardunsu: 'yan jakunkunan zaren nan farare da ake ɗaura wa fitilar famfo su ba da haske. Da irin fitilar Baba ya yi sana'ar tsire shekara da shekaru kafin a ja mana wuta. Mutum ne mai sayen abu da yawa ya ɓoye. Fitilar ta daɗe da mutuwa, su suna nan sabbi.

Ban san me ke cikinsu ba, amma na san na gano. Na san kuma ba ƙasar gidanmu ba ce, ba ruwa ba ne. Ni ne.

Abin da ya kamata shi ne in hau bansikin a lokacin da gwangwanin a hannu. Sai na ce bari Lahadi in ya zo. Lahadi ya zo da abokin aikinsa, na ce ba a gaban baƙo ba. Wata Lahadin muka ɗan yi cacar baki a kan kajin Inna da suka mutu, na ce ba yau ba. Na riƙa juya maganar a raina ina neman yadda zan faɗe ta ba tare da rantsuwar nan ta fito ba. Har na yi tunanin in ce bera ne ya turo gwangwanin. Sati biyar ina wannan.

Ranar wata Talata da hantsi, ina tsakiyar sara ƙashi, waya ta yi ƙara. Matar Auta ce. Ta dawo ɗaukar wata takarda da ta manta, ta tarar Inna a kan sallaya, ta riga ta cika. Ita kaɗai a gidan.

A New Bell aka yi mata wanka, a ɗakinta. Layinmu bai ɗauki mutanen da suka zo ba. Mai ƙosai tana kuka tana cewa da a nan ne da ko ruwa wani ya ba ta. Ba da ni take ba. Ni na ji.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, na kira Auta ɗakin. Na ɗauko gwangwanin na kai kusa da na'urar. Ya ji. Ya karɓa ya buɗe, ya ɗaga mansho ɗaya yana dubawa. Ya ce na da can da wani sinadari ake jiƙa su don su yi haske, shi ne na'urar ke ji, duk wanda ke harkar ya san wannan. Ya ce a rufe cikin gwangwani a kabad ba abin da za su yi wa mutum. Sai ya tsaya. Ya kalli kabad, ya kalli taga da kwalinta, ya kalli da'irar allin.

"Amma ta yaya za ta ji su daga…"

Na ce, "Ni nake sa ta a ciki in an yi ruwa. Duka biyun ma ni na sa."

Na zaci zai yi ihu, da ya fi mini. Ya zauna a bakin gadon Inna, gwangwanin a cinyarsa.

"Yaushe ka gane?"

"Sati biyar kafin rasuwar."

"Ta sani?"

"Ta san ina sawa. Tun farko."

Ya juya gwangwanin a cinyarsa. Sannan ya ce, "Kullum in na dawo aiki sai ta ce, Auta, yaushe gyaren zai ba ni izinin komawa gida? Ni kuma in ce mata ki ƙara haƙuri, Inna." Ya mai da murfin ya danna shi da tafin hannu. "Kwana ya ƙare, Yaya. Ko a ina take za ta tafi. Amma da a nan ta tafi."

Ya rubuta wa 'yan ƙungiyar. Daga baya matarsa ta gaya wa matata abin da ya rubuta: wai kuskure ne daga wajensa, ya ajiye na'ura kusa da tsofaffin kayan fitila bai bincika ba, a goge lambobin watannin nan. Bai ambace ni ba.

Muna gaisawa. Yana zuwa da Salla, yana aiko yara hutu, bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ya daina yi mini bayanin komai. In na tambaye shi abu, ya ba ni amsa gajeriya ya yi shiru. Muryar nan da ke ƙona ni, yanzu ita nake nema ban samu ba.

Na'urar ya ce in bar ta inda take, ko in cire, duk ɗaya. Na bar ta. Gwangwanin shi ya tafi da shi. Washegarin bakwai ɗin na je na yanko gilashi biyu na sa a tagar da hannuna, aikin bai kai rabin awa ba. Ɗakin babu mai kwana a ciki. Da safe kafin in fita nakan leƙa in duba lambar, in allin ya dushe in sake zana shi. Jiya ashirin da ɗaya ta nuna, ana ruwa.